Watanni Biyar da Ba a Auna Ba

A bayan sashen nazarin ƙasa na kwalejin fasaha da kimiyya, can inda motoci ba sa bi, akwai wani ɗan fili da aka kewaye da waya, bai fi tsakar gida girma ba. A cikinsa akwai farin akwatin katako mai tsaga-tsaga a kan ƙafafu huɗu, da ma'aunin zafi uku a ciki. Akwai gwangwanin jan ƙarfe mai mazurari a baki, an kafa shi a ƙasa yana kallon sama, shi ne ma'aunin ruwa. Sai doguwar sanda mai 'yar fanka a kai, tana nuna inda iska ta nufa. Shekara ashirin da tara makullin wannan fili yana aljihun mutum ɗaya, wanda kowa a kwalejin ke kira Baba Yayyafi.

Ɗalibai ne suka laƙaba masa sunan. Wata safiya wani ya gan shi yana tsiyaye abin da bai kai cikin cokali ba a kwalbar awo, ya ɗaga ta daidai idonsa yana duba layi. Ɗalibin ya yi dariya ya ce, "Haba Baba, wannan ai ba ruwa ba ne, yayyafi ne kawai."

"Yayyafin daga ina ya sauko?"

"Daga sama."

"To ka gani," in ji Baba, ya buɗe littafinsa ya rubuta.

Ya shigo kwalejin ne yana saurayi, da takardar sakandare, aka ɗauke shi goge allo da wanke kwalabe. Wata tsohuwar farfesa mai faɗa, wadda ita ta kafa filin, ta lura rubutunsa yana da kyau kuma ba ya makara. Ita ta koya masa aikin. Ƙa'idarta gajera ce: a duba ƙarfe bakwai na safe, a rubuta abin da ido ya gani, ranar da ba a duba ba a ja layi a rubuta dalili. Ta yi ritaya, ta rasu, shi kuwa ya ci gaba a kan haka. A duk shekarun nan sau biyu ya ja layi: kwana uku lokacin rasuwar mahaifiyarsa, da kwana goma sha ɗaya da aka yi masa aiki a ciki.

A gida ma aikin bai bar shi ba. Matarsa takan ce ita ce mace mafi rashin sa'a a layinsu, tana auren mutumin da ya fi kowa sanin ruwan sama amma sau nawa shanyarta tana jiƙewa. In ta tambaye shi, "Malam, in shanya ko za a yi ruwa?" sai ya ce, "Ni na jiya nake rubutawa, na yau sai ya sauka." Yara huɗu suka haifa. Uku sun kama gabansu, saura Auta, wadda ke koyar da lissafi a wata makarantar 'yan mata, ita ce kuma ta gado taurin kansa duka, har da ƙari.

Abin ya fara ne da wani malami a sashen, wanda a lokacin Dakta ake ce masa. Baba ya san shi tun yana ɗalibi siriri mai takalmi ɗaya, shi ya nuna masa yadda ake karanta ma'aunin zafi ba tare da an hura masa numfashi ba. Wata rana Dakta ya zo har filin, ya gaishe shi da ladabi, ya ce yana son ganin littattafan. Baba ya ji daɗi ƙwarai, don a shekaru da yawa babu wanda ya taɓa nemansu sai gara. Da kansa ya yi ta jigilar su zuwa hawa na uku, littafi ashirin da shida masu baƙin bango. Wata biyu cur yana zaune a kan kujerar roba a gefen teburin Dakta, yana karanto lambobi ɗaya bayan ɗaya, Dakta yana shigarwa a kwamfuta. Inda tawada ta dushe, Baba ne ke tuna ranar. Inda lamba ta yi yawa har Dakta ya yi shakka, Baba ne zai ce, "Haka take, ranar ce rufin ɗakin karatu ya yaye."

Daga waɗannan lambobi Dakta ya rubuta maƙala, ya nuna cewa damina a yankin tana ta ja baya, tana makara da kusan mako biyu idan aka kwatanta da farkon littattafan. Wata babbar mujalla ta buga, aka ba shi lambar yabo, kwaleji ta ɗauka. Aka rataya ƙaton kyalle a bakin ƙofa da hoton Dakta da na shugaban kwaleji, suna murmushi kamar su biyun ne suka tsaya cikin ruwa shekara ashirin da shida. Aka yi taro a babban ɗaki. Baba yana cikin waɗanda suka jera kujeru, da aka fara jawabi kuma aka ce ƙananan ma'aikata su koma baya, manyan baƙi ba su sami wuri ba.

Auta ce ta nemo maƙalar a wayarta ta karanta masa. Ta bi ta daga farko har ƙarshe, ta sake bi, sannan ta ajiye wayar da ƙarfi.

"Baba, ka san abin da ya rubuta? Wai ya samo bayanan daga ɗakin ajiyar sashe. Ɗakin ajiya! Yaushe ka koma ɗaki ban sani ba?"

"Ke dai bari," ya ce. "Aikin ya yi amfani, shi ke nan."

"Ya gode wa shugaban kwaleji, ya gode wa matarsa, har wanda ya gyara masa Turanci ya gode wa. Kai kuwa ko wutsiyar sunanka babu."

Baba ya tashi ya ɗauki buta ya fita, ya daɗe bai dawo ba. Abin ya yi masa ciwo, amma ya haɗiye.

Bayan lambar yabo sai aka kawo sabuwar na'ura, mai aiki da hasken rana, wadda za ta auna komai da kanta ta aika wa kwamfutar Dakta. Aka kafa ta a tsakiyar filin, aka yanke zare, aka ɗauki hoto. Baba bai ƙi na'urar ba, har goge mata ƙura ya yi. Abu ɗaya ya roƙa: a bar shi ya ci gaba da aunawa da hannu ko da shekara ɗaya, a riƙa kwatanta biyun. Shugaban kwaleji ya dafa kafaɗarsa a gaban mutane ya ce, "Baba, zamani ya wuce ku, ka je ka huta." Aka yi dariya. Kwana biyu sai ga takarda a rubuce, an dakatar da aunawa da hannu, an mayar da shi buɗe ajujuwa. Aka canza makullin filin.

Na'urar ta yi aiki na rani ɗaya. Da damina ta kusa, Baba ya tsaya a jikin waya ya hango zanzaro ya gina ɗakin laka a bakin mazurarinta, 'yar fitilar da ke ƙiftawa a jikinta kuma ta mutu. Ya hau hawa na uku ya gaya wa Dakta. Dakta ya ce za a duba. Ya sake komawa bayan mako biyu, aka ce Dakta ya tafi taro ƙasar waje. Ya rubuta a takarda, ya kai wa sakatariya, ta buga hatimi ta ba shi kwafi. Shiru. Wata biyar ruwa yana sauka a kan wannan fili babu mai aunawa. Ƙarfe bakwai na safe ƙafarsa takan kai shi wurin ba tare da ya yi niyya ba, ya riƙe wayar da hannu biyu yana kallon tsohon gwangwaninsa a kwance, ciyawa ta rufe shi rabi. Da abin ya ishe shi sai ya kafa wani tsohon ma'auni a kan katangar gidansa, ya sayi littafin 'yan makaranta, ya riƙa rubuta ruwan gida don hankalinsa ya kwanta.

A ƙarshen shekarar Dakta ya zama Farfesa. Sai ga saƙo, yana neman Baba a ofis. A karo na farko aka nuna masa kujera mai laushi, aka kawo shayi.

"Baba, kai ne uban wannan aiki, kowa ya sani," in ji Farfesa. "Muna da 'yar matsala. Maƙala ta biyu za ta fita, ana son shekara talatin cif. Na'urar nan ta ɗan ba mu kunya. Wata biyar ne kawai. Kai ka san ruwan wurin nan kamar tafin hannunka. Ka ɗauki littafi ka cike mana, da rubutunka."

Baba ya ajiye kofin. "Ranka ya daɗe, in cike da me?"

"Da abin da ka san ya kamata a samu."

"Ban auna ba."

"Ai babu wanda zai bincika."

"Ni zan sani," ya ce. Sannan ya ƙara, "Ina da na gidana. Amma gidana tafiyar awa guda ce daga nan. Sau nawa in baro gida a jiƙe, in iske nan ƙura na tashi. In za ka rubuta cewa na gidana ne, kuma na'ura ta mutu, gobe in kawo maka."

Fuskar Farfesa ta canza. Idan aka rubuta na'ura ta mutu wata biyar babu wanda ya leƙa ta, waɗanda suka ba da ita za su yi tambaya, hoton da ke bakin ƙofa kuma zai yi nauyi. Ya yi lallashi, ya yi tuni da zumunci, daga baya ya ɗaga murya. Baba ya roƙi a ba shi littafin ƙarshe. Farfesa ya miƙa masa da sauri, yana tsammanin ya sauko. Baba ya ciro biro da rula daga aljihu, ya buɗe shafukan watanni biyar ɗin, ya ja layi a kowanne daga sama har ƙasa, ya rubuta a gefe: Ba a auna ba, an canza makulli. Ya sa hannu, ya mayar da littafin, ya yi sallama.

Mako bai zagayo ba aka ba shi takardar tuhuma kan rashin biyayya ga na gaba. Aka mayar da shi sito, wani ɗaki marar taga a ƙarƙashin bene inda ake jibge karyayyun kujeru. Mutumin da ya shekara kusan talatin aikinsa kallon sama, aka zaunar da shi inda ko rana ba ya gani.

Ya ɗauka an gama ke nan. Bayan wata shida, yana shigowa da safe sai mai gadi ya tare shi da fara'a. "Baba, barka! An ce sunanka ya fito a mujallar Turawa." Masu shara suka taya shi murna, direbobi suka ce sai ya yi musu walima. Ya koma gida da yamma yana ta mamaki, ya ce wa Auta ta duba.

Ta duba. Ga sunansa nan cikakke, har da na mahaifinsa. An rubuta cewa ana godiya gare shi, domin shi ya auna ruwan waɗannan watanni biyar da hannunsa lokacin da ake yi wa na'ura gyara. A ƙasa ga jadawalin lambobi, rana bayan rana, babu gurbi ko ɗaya.

"Karanto min," ya ce.

Ta fara karantawa. Ba ta kai rabin wata na biyu ba ya ɗaga hannu. Sai ya ci gaba da faɗar lambobin da ka, kafin ta kai gare su. Ya san su. Ruwan shekara goma sha ɗaya da suka wuce ne, daga littafinsa na sha tara, an kwafo shi an ɗan taɓa nan da can, an manna wa shekarar da ba a auna ba.

Shekara ashirin da shida na gaskiya an ce daga ɗakin ajiya suka fito. Wata biyar na ƙarya, su ne aka ga ya dace a rubuta sunansa da na ubansa a kai. Matarsa ta ce tunda take da shi ba ta taɓa jin muryarsa ta kai ƙofar gida ba sai ranar.

Kwana uku yana zaman benci a ƙofar ofishin shugaban kwaleji kafin a bar shi ya shiga. Shugaban ya saurare shi yana duba waya. Da ya gama sai ya ce, "Baba, wata nawa ya rage maka ka yi ritaya?"

"Takwas."

"To ka gani. Kwalejin nan ita ta rufa maka asiri, a nan ka aurar da 'ya'yanka. Kada ka zo ƙarshe ka zubar mana da mutunci. Wasu nema suke a sa sunansu a mujalla ba su samu ba."

"Ranka ya daɗe, ni ban nema ba. A cire shi."

"An riga an buga."

"To a buga cewa ƙarya ne."

Shugaban ya danna ƙararrawa, sakatariya ta buɗe ƙofa ta tsaya. Baba ya gane an sallame shi.

A gida Auta ta ce su rubuta wa mujallar. Yayyenta suka yi ta bugo waya suna cewa a rufa wa tsoho asiri, a bar shi ya karɓi haƙƙinsa na ritaya lafiya. Matarsa ta kwana biyu ba ta sa baki ba, ita ma tsoron take ji. A rana ta uku ta shiga ɗaki, ta jawo akwatin da take ajiye takardun haihuwar yara, ta fito da takardar da aka hana shi aunawa da hannu da ita, da kwafin ƙorafin nan mai hatimin sakatariya. Shi kansa ya manta inda ya jefa su.

"Ga su nan," ta ce. "Malam, ni ban san milimita ba. Amma na san tunda na zo gidan nan ban taɓa jin an kira ka maƙaryaci ba. Ba kuma za a fara da furfura a kanka ba."

Baba yana faɗa, Auta tana fassarawa, suka rubuta shafi ɗaya da rabi. Suka haɗa da hotunan takardun biyu, suka nuna shekarar da aka kwafo lambobin daga cikinta, wadda tana nan a maƙalar farko kowa zai iya kwatantawa. Suka aika.

Wata bakwai babu labari. A wannan tsakani maganar ta fasu a kwaleji. Waɗanda suka taya shi murna suka koma sauya hanya in sun hango shi. Malaman da ya koya wa riƙe kwalbar awo suka daina amsa gaisuwarsa, sai ɗaga hannu daga cikin mota. Wani ma ya ce a gabansa, wai tsufa ne da hassada. Daga ƙarshe mujallar ta buga 'yar sanarwa, layi huɗu, cewa ta janye maƙala ta biyu. Wata Asabar aka sauke kyallen bakin ƙofa ba tare da kowa ya gani ba.

Kwaleji ta kafa kwamiti. Kwamitin ya zauna sau biyu, bai kira Baba ko sau ɗaya ba, ya fitar da rahoto cewa an sami kuskure daga wani ƙaramin ma'aikaci wajen shigar da bayanai. Ba su ambaci suna ba, ba su kuma buƙaci ambata ba, don ƙaramin ma'aikaci ɗaya ne sunansa ke jikin maƙalar. Farfesa yana nan a ofishinsa, shekara na zagayowa ma aka ƙara masa muƙami. Baba ya yi ritaya ranar wata Alhamis. Ya miƙa makullin sito ga wani akawu da bai ɗago kai ba, ya bi ta ƙaramar ƙofa ya fita. An biya shi haƙƙinsa, bayan an ja masa rai na wata da watanni.

Har yau in aka ambaci kwamitin nan a gabansa sai ya tashi daga wurin. Ba ya zagin kowa, amma bai yafe jimlar nan ta rahotonsu ba, kuma ya ce ba zai yi kamar ya yafe ba.

Bayan shekara guda wata malama ta yi sallama a gidan. Sabuwa ce a sashen, an ba ta darasin yanayi, ta nemi makullin filin ta samu da ƙyar, ta iske ciyawa har ƙugu. Ta zauna ta karanta littattafansa tun daga na ɗaya. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce tana da ɗalibai da ba su taɓa riƙe kwalbar awo ba, ita kanta a takarda ta san aikin. Tana roƙon ya zo ya nuna musu.

"Za ki iya sa a goge abin da kwamiti ya rubuta?" ya tambaye ta.

Ta sunkuyar da kai. "Baba, ba zan yi maka ƙarya ba, ba ni da wannan ƙarfin. Na yi magana a taron sashe, aka ce in zauna."

Baba ya ce, "'Yata, ƙofar kwalejin can ni da ita har abada. Amma yaran ba su yi min komai ba. Ki kawo su nan."

Ranar Asabar ta zo da su, su goma sha takwas, a motar haya biyu. Matarsa ta leƙo ta ga tsakar gida ta cika, ta ce, "Malam, ai ka ce 'yan kaɗan ne!" Ta aika maƙwabta aron tabarmi. Baba ya sa su cire jakunkuna su ajiye waya, ya jera su a gindin katangar da ma'auninsa yake kai, ya fara da na farkonsu. Sai da aka yi azahar suka tashi, kuma biyar daga cikinsu ya ce su dawo mako mai zuwa, hannunsu bai zauna ba tukuna.